Ƙafar Ƙudan Tsando da Garin Takalafiya

Makiyaya sun daɗe da sanin cewa akwai dazuzzukan da in shanu suka shiga sai sammore ta kama su. Amma sai a 1895 likitan sojan Birtaniya, David Bruce, ya tabbatar a ƙasar Zulu cewa ƙudan tsando ne ke ɗaukar ƙwayar cutar daga dabba zuwa dabba. A 1903 kuma aka gano a Yuganda cewa wani jinsinsa, Glossina palpalis, shi ke yaɗa cutar barci tsakanin mutane. Tun da tsando ba iri ɗaya ba ne, sai ya zama dole a san kowanne da kamanninsa. A shekarar ce Ernest Austen na gidan tarihin Birtaniya ya wallafa littafi sukutum a kan jinsunan tsando da siffofinsu.

Bambance shi da sauran ƙudaje ba wuya. In ya sauka yakan ɗora fiffike ɗaya a kan ɗaya kamar rufaffen almakashi, bakinsa mai tsini yana miƙe gaba, jijiyoyin tsakiyar fiffikensa kuma sun zana siffar gatari. Aikin yana wajen rarrabe tsando da tsando, inda ake duba ƙafar baya da gilashin ƙara girma. Ƙarshenta gaɓoɓi biyar ne. A dangin palpalis, masu zaman kurmin bakin rafi, duka biyar ɗin baƙaƙe ne. A wurin Glossina morsitans, mai yawo a sararin daji yana bin namun dawa, biyun ƙarshe kaɗai suka yi baƙi.

Amfanin wannan ɗan bambanci ya bayyana a Anchau, cikin lardin Zariya, inda cutar barci ta yi ƙamari a shekarun 1930. Tsandon da ke cizon mutane a mashaya da wuraren wanki na bakin rafi ne, wanda ba ya jure zafin rani sai da inuwa. Don haka masanin ƙwari T. A. M. Nash da abokan aikinsa ba su ce a share daji duka ba. Kurmin da ke bin rafuka aka sassare, aka haƙa rijiyoyi, aka tashi mazauna ƙananan ƙauyuka zuwa yankin da aka tsarkake. Sabon garin da aka gina kusa da Anchau shi aka raɗa wa suna Takalafiya.