Yadda Eriya Ɗaya Ta Koyi Ɗaukar Zango Biyu

Idan ka taɓa buɗe Nokia 3310, ka san eriya ɗaya ce a bayanta, amma tana kama 900 tana kama 1800. Wannan dabara ta girmi wayar salula nesa ba kusa ba, kuma masu rediyon sha'awa sun sha wahalarta kafin ta iso teburinmu na gyara.

Tushen abin matatar sigina ce, wato filta. A 1915 George Campbell na kamfanin AT&T a Amurka da Karl Wagner a Jamus, kowa daban, suka nuna cewa idan ka jera kwail da kafasita yadda ya dace, za su bar wasu sigina su wuce su tare wasu. Don tarho aka yi ta, domin hira da yawa ta bi layi guda.

A shekarun 1960, bayan hukumar sadarwar Amurka ta matse faɗin tashoshi, 'yan tasi da 'yan sanda suka zubar da tsofaffin rediyoyinsu na Motorola da GE. Masu sha'awa suka saye su da araha, suka juya su zuwa zangon mita 2, wajen megahaz 145, suka kafa rifita a kan duwatsu da dogayen gine-gine. Rifita na'ura ce mai jin muryarka ta sake watsa ta da ƙarfi a lokaci guda. Nan fa ake yin ta: tazarar ji da watsawa kilohaz 600 ce kacal, sai na'urar ta kurmantar da kanta. Maganin shi ne dufleksa, wasu gwangwanayen ƙarfe masu tsawon kusan rabin mita, kowanne da sandar saiti a ciki.

Da mita 2 ta cika, aka hau zangon santimita 70, wajen megahaz 435. To amma gurbi a kan hasumiya ba kyauta ba ne, kebul mai kyau tsada gare shi, kuma kowace ƙarin eriya ƙarin nauyi ce ga iska. Sai aka koma wa aikin Campbell. Difleksa ɗan akwati ne mai baki uku: ɓangare ɗaya yana barin na ƙasa ya wuce, ɗayan na sama, su haɗu a kebul guda zuwa eriya mai zango biyu. Kada ka rikita sunayen, ko 'yan kasuwa suna cakuɗa su. Dufleksa tana raba ji da watsawa a cikin zango ɗaya, difleksa kuma tana raba zango da zango, shi ya sa take ƙarama.

Akwai wani tarko da ya kamata ka sani. Ninka 145 sau uku, me ka samu? 435. Ke nan amon na uku na mai watsa mita 2 yana faɗawa cikin zangon santimita 70. Wannan dangantakar ce ta sa ƙera eriya ɗaya mai ɗaukar su ya yi sauƙi, ita ce kuma take toshe kunnen rifita idan ba a tace amon ba kafin ya kai difleksa. A ganina duk wanda ya zaɓi lambobinsa bai yi wannan lissafin ba, kuɗinsa kawai ya ƙona.

Haɗin ya kai har sama jannati. OSCAR 7 da aka harba a 1974 yana ji a 432 ya mayar a 145, kuma tun 2020 Tashar Sararin Samaniya ta Duniya tana da rifita mai ji a 145.990 ta watsa a 437.800.

A waya kuwa, GSM ba ta ji da magana a lokaci guda, don haka swici da difleksa sun ishe ta. Da 3G da 4G suka zo sai dufleksa ta dawo, ta ƙanƙance kamar ƙwayar gero kusa da layin eriya. Idan waya ta zo maka tana kama 2G amma 4G ya ɓace, duba nan kafin ka kai wuta kan babbar aisi.