Eyam: Ƙauyen da Ya Rufe Kansa

A ƙauyen Eyam, cikin lardin Derbyshire na ƙasar Ingila, akwai wani ɗan ƙaramin gidan tarihi da aka buɗe a 1994. Galibin abin da ke cikinsa labarin annoba ɗaya ne, watau wadda ta auka wa ƙauyen daga Satumba 1665 zuwa Nuwamba 1666, ta hallaka mutum wajen 260.

Bisa ga ruwayar da ta shahara, cutar ta shigo ne cikin ƙunshin yadi mai ƙuma da aka aiko wa wani tela daga Landan. Mataimakin telan, George Viccars, shi ya fara rasuwa. Da abin ya tsananta a watan Yuni 1666, sai limamin majami'ar ƙauyen, William Mompesson, da tsohon limami Thomas Stanley suka shawo kan jama'a cewa kada kowa ya fita, don kada a kai wa maƙwabta cutar. Daga nan sai aka riƙa ajiye musu abinci a bakin iyaka, su kuwa su saka kuɗin cikin ramukan wani dutse da aka zuba wa ruwan tsami, a zatonsu yana kashe cutar. Dutsen yana nan har yau. Kowane gida shi ke binne nasa. Wata mace, Elizabeth Hancock, ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas.

To, amma wajibi ne ɗalibin tarihi ya tambaya: wa ya tsara wannan labari na sadaukar da kai, kuma yaushe? Mafi yawansa ya samo asali ne daga littafin William Wood na 1842, shekara fiye da 170 bayan aukuwar abin. Wood ya ƙiyasta mutanen ƙauyen a kan 350, alhali kuwa masu binciken baya sun nuna sun kai ninki biyu. Watau ya kambama yawan waɗanda annobar ta ci in an gwada da waɗanda suka tsira.

Muhimmin abu kuma shi ne, wasu masu hali sun riga sun fice kafin a rufe ƙauyen. Talakan da ba shi da wurin zuwa, da wuya a ce zamansa zaɓi ne kawai. Shi kansa Mompesson ya aika da 'ya'yansa biyu waje tun da wuri. Matarsa Catherine kuwa ta ƙi tafiya, ta rasu a watan Agusta 1666, kabarinta yana farfajiyar majami'ar.