Matsin injin tsohuwar tarakta: a ƙara shi ko a mayar da shi yadda yake?

A unguwar Atrone da ke gunduma ta 7 a birnin N'Djamena, damina kan mayar da layukan da ba su da kwalta caɓi, musamman daga Yuli zuwa Satumba. A irin wannan lokaci tsohuwar tarakta mai jan tirela ce ke kai yashi da jan bulo inda tifa ke shakkar shiga. Mai ita da ƙarfin injinta yake ciyar da gida. Idan ta fara ƙin tashi da safe, ko ta gaza da lodin da ta saba ja, abin da ake fara ji a gareji shi ne kwamfireshan ya sauka. Daga nan wasu kan ba da shawarar a kankare kan injin, wanda ake kira culasse da Faransanci, don matsin ya ƙaru. Kafin a biya kuɗin wannan aiki, yana da kyau a san inda dabarar ta fito da irin injin da take yi wa amfani.

Mene ne matsin injin?

Fistin yana sauka ya zuƙo iska, sannan ya hau ya danne ta a ɗan gurbin da ya rage a saman silinda. Idan aka ce matsin injin 18 ne bisa 1, ana nufin an cusa iskar a gurbin da bai wuce kashi ɗaya cikin 18 na wurin da ta fara cikawa ba. Injin fetur yana da fulogi mai kunna wuta. Injin dizal, mai shan gas ko gazuwal, ba shi da shi: dannewar ce ke zafafa iskar har ta haura digiri 500, sai man da nozul ya fesa ya kama da kansa. Shi ya sa injin dizal da matsinsa ya zube yake wahalar tashi a safiyar hunturu.

Asalin dabarar ƙara matsi

A Amurka akwai gasar jan kaya da tarakta. Ana ɗaura wa tarakta wani keken nauyi da ke ƙara nutsewa a ƙasa yayin da ake jan sa, a fili mai tsawon ƙafa 300, wato kimanin mita 91. Babbar gasar garin Bowling Green a jihar Ohio ta faro a 1967, an kuma kafa ƙungiyar masu gasar ta ƙasa, NTPA, a 1969. Akwai rukuni na tsofaffin taraktoci irin su John Deere A, wadda aka fara ƙerawa a 1934, da Farmall M ta 1939.

Da yawa daga cikin waɗannan an ƙera su ne don su sha kananzir ko mai maras inganci, saboda haka aka bar matsinsu ƙasa ƙwarai, wajen 4 zuwa 6 bisa 1. Masu gasa kan kankare kan injin, ko su sa fistin mai tudu, sannan su zuba fetur mai ƙarfin oktan. Ƙarfin yana ƙaruwa sosai domin tun asali an bar sarari mai yawa, kuma jan bai wuce 'yan mintuna ba.

Me ya sa lissafin ya bambanta a injin dizal?

Taraktocin da ke aiki a Chadi da Nijar da arewacin Najeriya kusan duk na dizal ne, kuma Massey Ferguson na cikin waɗanda aka fi sani. A ɗauki MF 135, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, mai injin Perkins AD3.152. Silinda uku gare shi, lita 2.5, matsinsa kimanin 18.5 bisa 1. Kowace silinda tana zuƙar kusan cc 834, gurbin da ke saura a sama kuwa bai kai cc 48 ba. Faɗin silindar milimita 91.4 ne, don haka rage rabin milimita kacal tsakanin fistin da kan injin yana cire sama da cc 3, matsin ya doshi 20 bisa 1.

Wannan ƙarin ba ya kawo ƙarfin a zo a gani, amma yana ɗora wa gasket da ringi da kiransha nauyi, yana kuma ƙara zafi a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40. Ban da haka, a irin wannan injin fuskar kan a shafe take, ramin ƙonewa yana cikin fistin. Kankare kan ba ya rage ramin, abin da yake yi shi ne kusantar da bawul ga fistin. Idan aka wuce iyakar da kamfani ya gindaya ba a sake zaunar da bawul ɗin ba, suna iya karo. Ana kankare kai ne idan zafi ya lanƙwasa shi, gwargwadon abin da zai daidaita fuskar.

Abin da ke cinye matsi

Babban maƙiyi ƙura ce. Idan matatar iska ta huje, ko aka bar man da ke cikin kwanonta ya zama laka, ƙurar hunturu tana shiga ta goge ringi da bangon silinda kamar sanfefa. Sai baƙin mai da ya wuce lokacin canji, da gazuwal mai ruwa ko datti, da lagireto da ya toshe har injin ya tafasa. Al'adar ɗiga fetur a bakin iska don injin ya tashi tana fasa ringi. Alamomin sun haɗa da farin hayaƙi lokacin tayarwa, shuɗin hayaƙi a kan aiki, shan baƙin mai, da huci mai yawa daga bututun numfashin injin.

Gwaji kafin a kwance

Nozul da ya lalace, ko famfon mai da lokacinsa ya goce, ko bawul da aka ɗaure da yawa, duk suna iya kama da zubewar matsi. Bakanike mai sanin aiki yakan fara daidaita bawul, ya gwada feshin nozul, sannan ya auna kowace silinda da agogon matsi na dizal, domin na fetur ba ya jure wannan ƙarfi. Ana kwatanta sakamakon da littafin injin, kuma bai kamata silinda ɗaya ta bambanta da 'yan uwanta da fiye da kashi 10 cikin 100 ba.

Idan matsin ya zube da gaske, gyaran shi ne sabon silif da fistin da ringi, wato chemises, pistons da segments, a wasa bawul, a sa gasket mai kaurin asali, a ɗaure kusoshin kai bi da bi da sifana mai awo. Mai sayen kaya, ko a N'Djamena ne, ko ta gadar Ngueli daga Kousseri, ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ya tafi da lambar da ke jikin bulok. Injinan Perkins masu kama da juna suna da fistin daban-daban, kuma dole a auna tsayin fistin a bakin bulok kafin a rufe.

Idan taya ce ke sulɓi

Sau da yawa tarakta tana kasa jan kaya ne saboda taya na juyawa a wuri ɗaya. Maganin wannan shi ne taya mai haƙora, zuba ruwa a tayoyin baya, da ƙaramar giya. Kada a taɓa ɗaura sarƙa sama da sandar ja da ke ƙasan gatarin baya, ko da mota ake cirowa daga laka. Tarakta tana iya ɗaga gaba ta kife a kan direba kafin ƙafarsa ta kai ga kuloci.