Man Kaɗanya da Kitso: Tarihin Kula da Bakin Gashi a Zangunan Ankara

Bakin gashi, wato ƙarshen silin da ya fi nisa da fatar kai, shi ne ɓangaren da ya fi kowanne tsufa, domin gashi daga saiwa yake tsirowa, kuma tsawon da yake ƙarawa a wata bai cika wuce santimita 1 ba. Saboda haka macen da gashinta ya kai santimita 25, bakinsa ya shekara biyu ko fiye yana shan rana da sabulu da mataji. Silin gashi ba shi da rai da zarar ya fito daga fata, an gina shi ne da wani sinadari mai tauri da ake kira keratin, an kuma lulluɓe shi da ƙananan ɓawo masu hawa kan juna kamar jinkar ɗaki, waɗanda idan suka zube, cikin silin yakan bushe, ya tsage gida biyu, ya kakkarye. Gashin baƙar fata ya fi fuskantar wannan matsala, saboda a nannaɗe yake, maiƙon da fatar kai ke fitarwa ba ya samun hanyar gangarawa har baki. Matan zangunan birnin Accra, wanda Hausawa suka daɗe suna kira Ankara, sun gaji wata hanya ta fuskantar wannan rauni tun kafin masana su bayyana dalilinsa, kuma ginshiƙinta shi ne cewa bakin gashi tsare shi ake yi kafin ya lalace, tun da wanda ya riga ya tsage ba ya haɗewa.

Hanyar ta biyo fataucin goro ne zuwa kudu. A ƙarni na 19 Salaga, a ƙasar Gwanja, ita ce babbar kasuwar da ayarin Kano da Katsina da Sakkwato ke sauke kanwa da tufafi da fatu su ɗauki goron ƙasar Asante. Bayan Ingila ta ci Kumasi da yaƙi a 1874, ta kuma mayar da hedikwatar mulkinta daga Cape Coast zuwa Ankara a 1877, sai ciniki ya fara karkata bakin teku, yaƙin basasar Salaga na 1892 kuma ya ƙarasa tarwatsa fatake zuwa Kete Krachi da Kumasi da Ankara. Malam Na-Inno, mutumin Katsina, ya samu fili a tsakiyar Ankara wajen 1881, inda ake kira Zangon Malam. Ɗansa Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango wajen 1912. Tudu kuwa, da ke maƙwabtaka da kasuwar Makola, ta zama matattarar 'yan goro da baƙi masu sauka daga arewa. Littattafan tarihi sun cika da sunayen waɗannan maza da rigingimunsu na sarauta da limanci, amma ba su cika waiwayar matan da suka biyo su da ƙwaryar mai da kibiyar kitso ba, alhali kuwa a hannun waɗannan mata ne rayuwar cikin gida ta arewa ta kafu a ƙasar da ba tata ba.

Kaɗanya ba ta tsirowa a kurmi ko a gaɓar teku, itaciyar dajin arewa ce, wadda takan shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, don haka duk man da aka shafa a Tudu sai da ya yi doguwar tafiya, da farko a kan 'yan dako da cikin kwalekwalen da ke gangaro kogin Volta su koma da gishirin Ada, daga baya kuma a jirgin ƙasan Kumasi, wanda layinsa ya haɗe da Ankara a 1923, da manyan motocin Tamale. Sana'ar tsohuwa ce ƙwarai: binciken kufai da aka yi a Kirikongo ta Burkina Faso ya nuna ana sarrafa ƙwayar kaɗanya tun wajen shekara ta 100 miladiyya, kuma Mungo Park, wanda ya ratsa ƙasar Bambara a 1796, ya yabi man har ya fifita shi a kan man shanun da ya sani. Aikin na mata ne daga farko har ƙarshe. Su ke tsintar 'ya'yan da farkon damina, su dafa ƙwayar su shanya, su fasa su soya su niƙa, sannan su yi ta bugun ƙullun da hannu suna zuba ruwa har farin kumfan mai ya taso, a kwashe a tafasa a tace a bar shi ya daskare. Abin da ya sa ya dace da bakin gashi shi ne yanayinsa: a daskare yake cikin inuwa, amma yana narkewa da ɗumin tafin hannu, ya bi silin ya rufe wuraren da ɓawo ya zube, ya hana danshin ciki tserewa, ya kuma rage gogayya tsakanin sili da sili. Mai ba ya ƙara wa gashi ruwa, riƙe wanda ya tarar yake yi, wannan ne ya sa gogaggun mata ke shafa shi bayan wanki tun gashin yana da laima.

Sai dai mai shi kaɗai ba ya isa, kitso ne ke kammala aikinsa. Makitsiya takan tsaga kai da kibiya, ta lakato mai ta bi tsagar da silin har baki, sannan ta kama, ta yadda bakin da ya fi rauni zai shige cikin kitson ya huta daga taja na mako biyu ko uku. Tsifa ita ce lokacin haɗari, domin a nan ne mafi yawan gashi ke karyewa, kuma ƙa'idar da uwa ke koya wa 'yarta ita ce a fara warwarewa daga baki a hau zuwa saiwa, ba a taje busasshen kai. Wajen wanki an san sabulun salo, wanda mutanen Ghana ke kira alata samina, da ganyen magarya, da karkashi, wanda yauƙinsa ke sa mataji ya zame ba tare da tsinka sili ba. Kwalliya ma ta shiga ciki, domin Hugh Clapperton, da ya zauna a Kano a 1824, ya rubuta cewa mata na rina gashinsu da shuni. A ƙarshe kallabi da mayafi suka zama garkuwa daga rana da ƙurar hunturu, ko da yake yadin auduga yana tsotse mai, kuma rufe jiƙaƙƙen kai a gari mai gumi irin Ankara yana jawo wari da amosani. Bai kamata a wanke tsohuwar hanyar daga kowane laifi ba: kitson da aka ja da ƙarfi don ya daɗe yana cinye gashin goshi, kuma idan aka shekara da shekaru ana yi saiwar kan mutu, gashin ba ya dawowa.

Addini ya taimaka wa kitso ya zauna da gindinsa, domin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malaman zango, ta bayyana cewa ba a wajabta wa mace kwance kitsonta don wankan janaba ba muddin ruwa ya ratsa. Malaman Malikiyya na baya sun togace kitson da aka yi da zare mai yawa, abin da ya shafi kitson zare na mutanen kudu, inda ake naɗe kowane tsagi da baƙin zare daga saiwa har baki, salon da ke kare bakin gashi sosai amma yake da wuyar sha'ani ga mai sallah.

Zaman bakin teku ya kawo wasu mayuka, kamar man kwakwa da alayyadi, wato man ƙwayar kwakwar manja, waɗanda suka fi araha saboda a nan ake yin su. Man kwakwa ya cancanci matsayin da ya samu, domin binciken da aka wallafa a 2003 ya nuna yana ratsa cikin silin ya rage zubewar sinadarinsa yayin wanki, abin da man da aka tace daga fetur ba ya yi. Duk da haka basilin, wanda aka yi wa rajista a Amurka a 1872, da mayukan kanti masu turare da aka gina a kansa, su ne suka mamaye teburin mata a ƙarni na 20, musamman bayan unguwar Nima ta bunƙasa. Malam Amadu Futa, Bafillace dillalin shanu, ya karɓi filin unguwar daga iyalin Odoi Kwao na Osu a 1931, yaƙin duniya na biyu kuma ya cika unguwar da masu neman aiki a sansanonin sojan da ke kusa, har ta malala zuwa Maamobi. Yarinyar da ta tashi a wannan cakuɗa, tana zuwa makarantar boko tare da 'yan Ga da Asante, ta fara jin ƙanshin man kaɗanya a matsayin warin ƙauye, kuma wannan sauyin ɗanɗano ya fi kowane dalili na lafiya ƙarfi wajen ture shi gefe.

Babbar ɓarna ta zo ne da rilaksa, man miƙar da gashi da kamfanonin baƙaƙen Amurka suka yaɗa, wanda ya cika shagunan gyaran gashi na Ankara daga shekarun 1970 zuwa 1990. Asalin sinadarinsa soda ce mai ƙuna, irin wadda ake dafa sabulu da ita, kuma aikinta shi ne tsinka mahaɗan da ke riƙe silin a nannaɗe, tsinkewar da ba ta gyaruwa. Ƙa'ida ita ce a shafa shi ga sabon tsiro kawai bayan mako 6 zuwa 8, amma a aikace yakan gangara kan wanda aka riga aka miƙar, sai ya zama bakin gashi ya sha soda sau da yawa, ga zafin na'urar busarwa, ga nauyin gashin doki da ake ƙarawa duk da tsawatarwar malamai. Haka kukan bushewa da karyewar baki ya zama ruwan dare a daidai lokacin da kayan gyara suka fi yawa a kasuwa.

Dawowar man kaɗanya ta biyo ta waje. Kamfanin The Body Shop ya fara saye daga ƙungiyar matan Tungteiya da ke yankin Tamale a 1994, Tarayyar Turai ta halatta sa kashi 5 cikin 100 na mayuka irin na kaɗanya a cakulan a dokarta ta 2000, a 2011 kuma aka kafa ƙungiyar Global Shea Alliance da ofishinta a Ankara. Abin takaici ne cewa sai da man ya dawo cikin kwalba da rubutun Turanci kafin jikokin masu bugunsa su sake girmama shi, kuma buƙatar masana'antun ƙetare ta sa curin da ake sayarwa a kasuwar Nima ranar Laraba yana gogayya da farashin duniya. A 'yan shekarun nan garin chebe da man karkar na Chadi sun shigo zanguna ta hannun 'yan kasuwar intanet, ana tallarsu da sunan maganin tsiro, alhali aikinsu lulluɓe silin ne da hana shi karyewa, ta yadda tsawon da gashi ya saba yi zai tsaya a kai. Bakin da ya riga ya tsage kuwa, chebe ko kaɗanya ko man kanti ba sa ɗinke shi, sai dai su manne shi zuwa wanki na gaba, don haka makitsan Nima da Maamobi da suka san aikinsu ke datse shi da almakashi mai kaifi kafin tsagar ta haura sama, sannan su shafa mai su kama kitso.