Garmaho da Wutar da Ke Juya Shi

Gardamar ko gyara wutar garmaho na ƙara daɗin sauti ta yi ƙarfi ne a Birtaniya, kuma tana da tushe. Garmahon Linn Sondek LP12, wanda Ivor Tiefenbrun ya fito da shi a Glasgow a farkon shekarun 1970, a lokacin injinsa na bin bugun wutar gida ne, sau 50 a daƙiƙa. Wutar ta yi tangarɗa, injin ma ya yi. Shi ya sa a 1982 kamfanin Linn ya kawo Valhalla, allon da ke samar wa injin nasa bugun, sannan a 1990 ya kawo Lingo, akwati daban da ke rage ƙarfin wuta da zarar faifai ya kama gudu.

Masu ja suna cewa bel ɗin injin da nauyin farantin da faifai ke zama a kai sun isa su shanye tangarɗar, kuma kamfanin Technics ya ɗaure saurin juyi da kwatz a SL-1200MK2 tun 1979. Gaskiyarsu kan sauri, amma sauri ba shi kaɗai ba ne. Allurar da ke bin siririn layin faifai ba ta bambance kiɗa da karkarwar inji. Duk abin da ya girgiza ta, sai lasifika ta faɗe shi. Inji ya natsu, transifoma ya yi nesa da allura, gunjin ya ragu, kuma ana iya auna wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wayar wuta mai tsadar gaske, domin ba ta sauya bugun da inji ke bi.