Filankton: Alaƙar Tekun Gini da Daminar Damagaram

Filankton ƙananan halittu ne masu shawagi a saman ruwa, akasarinsu ido ba ya ganin su sai da madubin likita. Danginsu ne ke mayar da ruwan tafki kore idan ya daɗe a kwance. Wasunsu tsirrai ne, wasu kuma ƙananan dabbobi masu cin tsirran. Da su ƙananan kifaye ke rayuwa, kuma kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya daga gare su take fitowa.

Kamar hatsi a gona, filankton na buƙatar hasken rana da taki. Takinsu shi ne sinadaran nitirat da fosfat, irin waɗanda ke cikin takin zamani, sai kuma ɗan sinadarin ƙarfe. A tekunan ƙasashe masu zafi rana ba ta ƙaranci, taki ne ke wuya. Ruwa mai ɗumi ba shi da nauyi, don haka yakan zauna a sama kamar murfi, ya bar ruwa mai sanyi mai ɗauke da taki can ƙasa cikin duhu.

Damina ce ke buɗe wannan murfi. Iskar da ke kawo hadari Damagaram tana tasowa ne daga Tekun Gini, kimanin kilomita 1000 kudu da birnin Zinder. Idan ta yi ƙarfi, ruwan ƙasa mai sanyi yakan taso sama a tsakiyar tekun da kuma gaɓar Gana da Kodebuwa, musamman daga Yuli zuwa Satumba. Zafin ruwan, wanda kan kai digiri 28 da bazara, yakan sauko ƙasa da 25. Sai filankton su yaɗu, kifin sardin ya yi yawa, masuntan Gana su shiga kakarsu.

Wannan sanyi ya shafi manomin Mirya da Magarya da Tanut. Idan teku ta yi sanyi alhali Sahara na ci da wuta, bambancin yakan ƙara tura iska mai laima zuwa arewa. Wajen ƙarshen watan Yuni hadarin yakan baro gaɓar teku ya hauro Sahel, ruwa ya kai ƙololuwa a Agusta. Idan kuwa tekun ta ƙi yin sanyi, filankton kan ragu, ruwan sama kuma ya fi tsayawa a kudu. Haka ta faru a 1984: Tekun Gini ta yi ɗumi fiye da kima, Nijar kuma ta sha fari mai tsanani. Ba shi kaɗai ne sanadi ba, amma masu hasashen damina na sa ido a kansa kowace shekara.

Da hunturu sai iska ta juya. Yawancin ƙurar da ke rufe Zinder tana tashi ne daga kwarin Bodele a Cadi, busasshen gindin wani tsohon tafki da ke cike da ɓawon filankton na dubban shekaru. Ƙurar na ɗauke da fosfat da ƙarfe, kuma wani kasonta yakan faɗa cikin Tekun Atlantika ya zama taki ga filankton na yau.