Shekarun Da Muka Koyi Zama Da Masu Makoki

A tarihinmu na shekara 50, ba za mu tsallake lokacin da 'yan bindiga daga dajin Rugu suka addabi ƙauyukan Batsari da Safana ba. A 2019, mata da yara da suka gudo suka cika azuzuwan firamare a garin Batsari. A watan Fabrairu na 2020 kuma aka kai hari Tsauwa da Dankar, aka kashe mutum kimanin 30.

Da fari mun zaci hatsi da tabarmi sun isa. Sai muka ga uwar da barci ya ƙaurace mata, da yaron da ke ɓuya in ya ji ƙarar babur, da dattijon da ya daina magana. Da yawa ko zaman makokin nasu ba su samu ba.

A nan muka koyi zama da su. Ba mu hana kowa kuka ba, ba mu kuma yi gaggawar cewa "yi haƙuri" ba. Muka saurara, washegari muka koma, Kirista ne ko Musulmi. Iyayenmu sun ce zumunci a ƙafa yake. Muna roƙon masu tasowa su riƙe wannan gado.